Fankar Da Ba Ta Hutawa

Mijin yayata mai riwaya ne, wato mai gyaran wayoyin mota, amma duk layin garejinmu ba wanda ke kiransa da sunansa na yanka. Baba Dairet ake ce masa. Ka kawo masa mota don fitila ta mutu, kafin ka gama gaisawa da mutane ya haɗa maka fanka dairet da makulli. Kana murzawa ta tashi, ba za ta huta ba sai ka kashe motar. Daga nan sai ya sa a cire tamostat, ɗan marfin nan da ke tare ruwa a cikin inji har ya ɗumama, ya jefa shi cikin wani tsohon bokitin fenti da ke ƙarƙashin teburinsa. Bokitin ya kusa cika.

Ni lagireto nake gyarawa, wato tankin da ke sanyaya ruwan inji, rumfata na jikin tasa, kuma wannan musun ya tsufa a bakinmu.

"Yaya, inji fa yana da zafin da yake so. In bai kai ba, wahala yake sha."

"Kai dai so kake su tafasa su zo wurinka," in ji shi. "Rigakafi ya fi magani."

Raina na ɓaci, amma ba na ja da nisa, don na san inda abin ya samo asali. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Yana da wata tsohuwar mota ja, irin ta masu gudu, mai dogon hanci da kujera biyu tak. Ƙasa-ƙasa take, sai ka durƙusa kake shiga. Yayata ce ta zaɓe ta tun suna da ƙuruciya. Ranar da suka kawo ta gida ta dube ni tana dariya, ta ce abin da ya burge ta shi ne babu wurin ƙanin mata. Haka kuwa aka yi, ban taɓa shiga ba.

Wata rana da tsakar rana numfashin yayata ya sarƙe, ya ɗauke ta a motar zuwa asibiti. A hawan tudun da ke kafin asibitin suka faɗa cunkoso, bel ɗin fanka ya tsinke, allurar zafi ta haura cikin ja, tururi ya turnuƙe bonet. Wani mai tasi ne ya ƙarasa da ita. Ta yi 'yan kwanaki a kwance, Allah ya karɓi abarsa. Likita ya gaya masa a gabana cewa ba jinkirin ne ya jawo ba, ciwon ya riga ya yi nisa. Kunnensa ya ji, zuciyarsa ba ta ji ba.

Da ya koma aiki, abin da ya fara yi shi ne ya ɗaura wa jar motar manyan fankokin lantarki guda biyu da ya ciro daga motar ɗaukar kaya, ya haɗa su dairet, ya cire mata tamostat. In ya tada ta sai ka ce injin niƙa ne ya shigo layi. Allurar kuwa ta kwanta a ƙasa abinta, shi kuma hankalinsa ya kwanta tare da ita. Daga kanta ya fara, sannan ya bi motocin jama'a.

Shekaru suka ja. Motar ta fara tari, tana fitar da baƙin hayaƙi, fulogi na yin baƙi ƙirin. Bakaniken da ke gefenmu ya zuƙo baƙin mai, ya same shi kamar taɓo, yana warin fetur. Ya ce sanyi ne ke cin injin a hankali, in aka ci gaba a haka ba zai daɗe ba, kuma irinsa ko a kasuwar tsofaffin kaya ba a samu.

Baba Dairet ya ce zai sake fulogi. Nan haƙurina ya ƙare.

"Motocin mutane ka kashe su da sanyi, su suka kawo kansu. Amma wannan ta yayata ce. Ita kaɗai ta rage mana mai ƙamshinta, kuma a hannunka za ta mutu."

Ya rufe rumfa ya tafi gida. Na ji ba daɗi, don maganar ta yi kaifi, amma ban yi da-na-sani ba.

Washegari na same shi tsugune gaban bokitin. Ya zura hannu har ƙasa ya zaro wani tamostat da aka ɗaure wa 'yar jar waya. Ashe bai bari nata ya ɓace cikin na mutane ba. Muka jefa shi cikin tafasasshen ruwa, ya buɗe baki lafiya lau. Na wanke lagireton, muka sauke fankokin nan, muka sa guda ɗaya daidai ita, da ɗan suwic a jikin lagireto wanda ke jin zafin ruwa ya tada fanka da kansa. Wayoyin shi ya haɗa. Sai dai ya ƙara wani maɓalli a ƙarƙashin sitiyari, don ya iya kunna ta da hannu in zuciyarsa ta tsinke. Ban hana shi ba.

Da hantsi muka gwada. Ya shiga mazauninsa, ya miƙa hannu ya buɗe min ɗaya ƙofar. Na durƙusa na zauna a kujerar yayata.

Injin ya tashi yana tarinsa. Allura ta motsa, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Yatsansa na kan maɓallin.

"Ta wuce kwata."

"Bar ta, Yaya."

Gumi ya fara bin wuyansa. "Ta kai rabi fa."

"Nan ne gidanta."

Allurar ta ɗan gota rabi. Muryarsa ta yi ƙasa, ya ce, "Ranar ma daga nan ta fara." Na kama wuyan hannunsa na riƙe, ina sane da cewa in suwic ɗin nan ya ƙi, har abada ba zai sake yarda ba.

Sai muka ji ƙas, fanka ta ɗauka. Allura ta dawo tsakiya a hankali ta tsaya. Can kuma fankar ta yi shiru da kanta.

A cikin shirun nan injin ya bar tari. Ya koma wani gurnani mai laushi, a natse, wanda ni kaina na manta motar tana da shi. Baba Dairet ya sauke hannu daga maɓallin, ya karkata kai yana saurare, hawaye na bin gemunsa.

"Ka ji?" ya ce. "Wannan muryar yayarka take ji tun daga bakin layi, ta taso ta buɗe min ƙofa. Duk shekarun nan da hannuna na rufe muryar."

Muka zauna a haka, bai kashe motar ba.