Yaɓen da Aka Hana Mu

A ƙofar gidanmu na Alelu akwai soron da kakanmu ya gina, rufin azara, da zanen hannu a goshinsa. Duk shekara kafin ruwa ya sauka mukan kwaɓa ƙasa da makuba mu yaɓe shi, mu gyara indararo. Ginin ƙasa ba ya son a juya masa baya ko damina ɗaya.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba wasu ma'aikata suka zo da mota, suka zagaya soron suna ɗaukar hoto. Babbansu, wani mai zaƙin baki, ya ce wa Baba wannan kayan tarihi ne. Za a ɗauke wa mazan gidan haraji, da sharaɗin kada mu taɓa shi. Ba kwano, ba siminti, ko yaɓe a bari sai maginansu sun zo, don kada mu shafe zanen.

A shekarar albasata ta yi kyau, na sayar a Aliero, niyyata in sa wa soron kwano. Na ce, "Baba, mutanen ga ba su dawowa."

Ya ce, "Na riga na ba su magana. So kakai in zan maƙaryaci da hurhurata?"

Shekarar farko kam mai karɓar haraji ya wuce ƙofarmu, Baba ya dinga dubana yana murmushi. Magina kuwa shiru, kamar an aiki bawa garinsu. Na bi sawu har ofishinsu, aka ce an canja wa mai zaƙin baki wurin aiki, wanda ya gaje shi bai san da zancen ba.

Damina ta biyu ruwa ya sami tsaga ta bayan indararo. Ƙasa na zubowa muna kallo, ga makuba a ajiye, Baba ya hana. Wata rana da la'asar, bayan an ɗauke ruwa, rufin ya rufta. Allah ya sa ba kowa ciki. Baba ya zo ya tsaya yana duban ɓaraguzan. Ni har yau abin yana cin raina, domin da cika alkawarinsa aka cuci dattijon nan.

Bayan girbi mai karɓar haraji ya yi sallama. Baba ya tuna masa alkawarin da aka yi. Mutumin ya dubi tulin ƙasar, ya dubi Baba.

Ya ce, "Malam, ai don soro anka ɗauke muku. Ina soron?"