Lambun Hajja Ɗaso a Ka'akiyya

Hajja Ɗaso ba ta son mai yawan tambaya. Tana da shekara bakwai iyayenta suka shigo da ita Makka ta hanyar Sudan, kuma tun tana ƙarama aka koya mata cewa baƙon da ya tambayi sunanka, takardar zamanka yake nema. Ta yi shekara talatin tana sayar da gyaɗa da kunun zaƙi. Da mijinta Tsoho ya rasu, ƙafafunta kuma suka gaji da yawo, sai ta koma ga noma.

Akwai wani fili a bayan benen da take haya a unguwar Ka'akiyya, duk duwatsu da gwangwanaye. Mai filin yana Jidda, ya ce su yi abin da suke so muddin ba gini ba ne. Ita da maƙwabtanta mata uku suka share shi, kowace ta ja kunyarta. Ruwan da ke ɗiga daga na'urorin sanyaya ɗaki suke tarawa a jarka su yi ban-ruwa. Ɗaso ta shuka kuɓewa da yakuwa da lalo, duk suka yi. Kabewa ce kawai ta ƙi, sai ta yi fure ta zubar.

Wata safiya wata budurwa ta sauko daga mota ta yi sallama. Sunanta Rim, daga unguwar Rusaifa. Kakanta Bakano ne, amma Hausarta rabi Larabci ce.

"Ya Hajja, ko za a ba ni wuri kaɗan?"

"Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa. Wucewa nake yi na ga kore."

Sauran matan suka ba ta lungu. Ɗaso ta sa mata ido. Yarinyar ba ta shuka komai na miya ba, sai ɗoɗɗoya da wasu furanni. Ta ajiye faranti da ruwa a ƙasa. Kullum bayan la'asar tana tsugune da wayarta tana ɗaukar hoto, tana rubutu a ƙaramin littafi.

"Baladiyya ce ta turo ta," in ji Ɗaso ga maƙwabciyarta Baraka. Hukumar gari take nufi. "Ko kuma 'ya'yan mai filin sun sami mai saye."

Baraka ta ce ita ba ta ga alama ba. Daga ranar Ɗaso ta daina yi mata maganar, don ta fara tunanin ko bakinsu ɗaya da Rim. Ta kwashe irinta ta ɓoye a ɗaki, ta sayo kwaɗo ta sa wa ƙofar lambun.

Ran nan ta tare Rim a bakin ƙofa. "'Yata, ba ni littafin nan."

Ta kai wa Asma, matar ɗanta, ta karanta mata. Babu sunan kowa a ciki, babu awon fili. Kwanan wata ne da lissafin ƙudan zuma da tsuntsayen da suka sauka. Sai layi ɗaya: kabewar Hajja ba za ta yi 'ya'ya ba sai zuma ta dawo.

Ɗaso ta mayar da littafin washegari, ba ta ba da haƙuri ba.

"Wa za ki kai wa wannan lissafi?"

"Nawa ne, Hajja. Ina son in sani ne."

Wannan amsa ba ta shige ta ba. A saninta mutum ba ya ƙona mai daga Rusaifa don ya ƙirga ƙuda.

Da sanyi ya shigo, zuma ta cika lungun Rim, ta bazu cikin kunyoyi. Kabewar ta ɗaura guda biyar. Ɗaso ta yanka mafi girma, ta ba Rim rabi, ta koya mata yadda ake miyar taushe. Har yau makullin lambun yana ƙulle a gefen mayafin Ɗaso, kuma duk lokacin da Rim ta ɗaga waya, sai Ɗaso ta juya baya.