Gilashin Agogon Motar Baba

Warin daddawa da na fetur ne suka tarbe ni a cikin lorin. Mun tashi daga Malumfashi da asuba, ni da mata 'yan kasuwa waɗanda ban san ko ɗaya a cikinsu ba. A kan cinyata akwai zoben ƙarfe na agogon motar Baba, mai nuna gudu, na naɗe shi a ɗankwali.

Motar ta girme ni. Baba ya saye ta a mace wajen wani likitan mishan da zai koma ƙasarsu, ya yi shekaru yana tada ta kaɗan-kaɗan. Saura gilashin agogon da ya fashe, sai ciwo ya kwantar da shi a asibiti. Na ƙudurta cewa ranar sallama motar za ta ɗauko shi ba ta da sauran aiki.

Gonakin auduga sun yi fari fat har bakin hanya. Aka miƙo mini gyaɗa, na karɓa, hirar matan ta ci gaba ba da ni ba.

A Funtuwa na bi masu kayan mota rumfa-rumfa. Wani dattijo ya jujjuya zoben ya ce, "Ɗiyata, wannan mota da Bature ta zo, gilashinta kuma ya bi shi gida."

Na sayi ƙosai na zauna kusa da tashar jirgin ƙasa, ina kallon masu taryar 'yan uwansu har ƙosan ya huce a hannuna.

Mai ƙosan ce ta nuna mini rumfar wani mai sa wa hotuna gilashi. Ya cika daro da ruwa, ya nutsa guntun gilashi, ya riƙa gutsurar gefensa da almakashi har ya zama da'ira.

"A cikin ruwa ba ya fushi," in ji shi.

Na dawo gida da la'asar, ina tallabe da gilashin kamar ƙwai. Hanya ta koya mini cewa wanda ya riƙe abu mai fashewa ba ya gyangyaɗi.

Ranar sallama Kawu ne ya tuƙa, Baba yana gaba. Ya shafa gilashin da yatsa ya ce, "Uwata, ai ya fi na asali haske."

Sai da ya shekara da rasuwa Inna ta gaya mini cewa tun yana asibiti idanunsa suka tafi, ya hana kowa ya faɗa mini.