Kiɗan Gwajin Sifika

Lokacin da nake aiki a wani ofis a Gwaram, teburina yana kusa da na wani mai buga takardu, ɗan Birnin Kudu kamar ni. Ya haura arba'in, yana da 'ya'ya har a sakandare, amma wai shi mawaƙi ne. Wata safiya ya cusa min abin sauraro a kunne, ko izini bai nema ba.

Dum, dum, dum, dum. Na jira a fara waƙa. Sai wani tsut-tsut ya shigo kamar an taka ɗan tsako, sannan muryarsa, ya shaƙe ta da kwamfuta, tana cewa "tashi, tashi". Iyakar baitin ke nan.

Na ce, "Malam, ina waƙar?"

"Ai ita ce wannan. Hawus ake ce mata. A Turai ita ake ji."

"Hausa?"

"Hawus," ya maimaita, yana dubana da tausayi, shi da ko kalangu bai taɓa riƙewa ba.

Daga nan ya shiga talla. Ya zuba ta a memori ya raba wa direbobin bas kyauta. Rannan muna mota ɗaya za mu koma gida, direba ya kunna don ya faranta masa. Ba mu yi nisa ba wata dattijuwa mai ƙwaryar nono a cinya ta taɓa kafaɗar direban.

"Ɗan nan, tsaya ka duba injinka, wani abu na bugawa."

Mota ta kwashe da dariya, direba ya mayar da wa'azi. Mawaƙin namu ya juya wajen taga ya ce, "Ƙauyawa." Shi kuwa a ƙauyen Kangire, can ƙasar Birnin Kudu, aka yanke masa cibiya.

Masu tura waƙoƙi a waya na Birnin Kudu sun karɓa don kunya. Ba wanda ya taɓa tambayarta, sai suka riƙa saka ta a matsayin gyara, mutane kuma suna dawowa a goge musu, wai ta cinye wuri. A bikin ƙanwar matarsa ya matsa wa mai kiɗa sai da ya saka. Mata suka miƙe suna jiran a ambaci sunan amarya, da suka ji shiru suka koma kujerunsu. A ofis kuwa bin mu yake yana karɓar wayoyinmu yana kunna ta a intanet don adadin masu saurare ya ƙaru. Ni dai tawa a aljihu take kwana, ce masa nake ba caji.

Mutum ɗaya na san ya nemi waƙar da kansa, wani mai sayar da sifiku a kasuwar Gwaram. Na tarar da ita tana tashi a rumfarsa, na tambaye shi ko sonta yake.

"So kuma, Malam? Gwaji nake da ita. Sifikar da ta jure wannan dukan ba ta tsage ba, mai kyau ce."

Da na kai wa abokin aikina labari, na ɗauka zai ji kunya. Ina! Washegari da baƙin tabarau ya zo ofis, yana gaya wa masinja cewa duk ranar kasuwa waƙarsa ce ke tashi a Gwaram, kuma ya fara haɗa ta biyu. Na nemi a mayar da teburina bakin ƙofa.