Ranar da Guguwa Ta Zauna

Guguwa ba ta zama. Daga nan sunan ya samo asali. A gidan abincin Sinawan da muke aiki na same ta, can saman wani dogon bene, inda kafet ke haɗiye ƙarar takalmi, kifaye kuma ke yawo cikin akwatin gilashi suna jiran wanda zai nuna su da yatsa. Ita ta koya mini aikin, kuma ba da baki ba. Cewa ta yi in bi bayanta in buɗe ido.

A wurinta na ga yadda ake ɗora kwano a kan faifan gilashin da ke tsakiyar tebur, a juya shi a hankali har ya tsaya gaban babban cikin baƙi. Na ga yadda take zura cokali mai yatsu gefen farantin wanda tsinken cin abinci ya gagara, abokan cinsa ba su ma lura ba. Sai kuma maganar buta. A gidan nan baƙo ba ya kiran ma'aikaci. In shayinsa ya ƙare, murfin buta yake karkatawa ya ci gaba da hirarsa. Guguwa tana hango karkataccen murfi tun daga ƙofar kicin, kamar an kira sunanta. Doka ɗaya kawai ta taɓa faɗa mini: "Dogo, a ɗakin nan ba a ɗaga murya. Ko gobara ce, ka matso ka faɗa mini a kunne."

Mijinta ya rasu yara suna ƙanana, da wannan zirga-zirgar ta raine su. A tsaye take cin abinci bayan ƙofar kicin, ta kai loma ta leƙa, ta kai loma ta leƙa. A gida ma haka take, in ji 'ya'yanta. Ta zuba wa kowa, ta ɗauko ruwa, ta koma duba tukunya, kafin ta dawo an suɗe kwano. Gwiwoyinta suka kumbura, likita ya ce ta huta, ta ce shi ne ba shi da aikin yi.

Autarta ta gama karatun jinya ta sami aiki a wata ƙasa mai nisa, irin tafiyar da ba a sa ranar dawowa. Ana gab da tafiyar ta tare ni a matakala.

"Kawu Dogo, na kama tebur gobe da rana. Ni da Umma."

"A nan? Duk faɗin garin nan?"

"Ta ce ba ta yarda da kicin ɗin kowa ba. Kawu, tun da aka haife ni ban taɓa fara cin abinci da ita mun gama tare ba. Shi kaɗai nake so kafin in tafi. In ta tashi, wallahi jakata zan ɗauka."

Na ce to. Ban yi alkawari ba, don na san wadda ake magana a kai.

Washegari suka iso. Ban taɓa ganin Guguwa a ɗakin ba yunifom ba. Manaja da kansa ya ja mata kujera, ta ɗosana a bakinta kamar an shimfiɗa ƙaya. Ni kuma na yi dabara na zaunar da ita tana kallon bango, ta ba sauran tebura baya. Na manta bangon duk madubi ne.

"Ranki ya daɗe, me za a kawo?" na ce.

"Za ka ci gidanku, Dogo. Gyara wuyan rigarka."

Kafin in dawo da shayi ta goge kofunan da aka riga aka goge, ta warware tawul ɗin tebur ta sake ninke shi. Ƙafarta sai rawa take a ƙasa. Auta tana ba ta labarin ɗakin da za su zauna su da wata abokiyar aiki, da sanyin da aka ce ana yi a can. Ita kuwa idonta na cikin madubi.

"Mutanen can sun gama miya, ba a kwashe ba."

"Umma, magana nake yi."

"Ina jin ki. Ai da kunne ake ji."

"To me na ce?"

Guguwa ta tura mata kwandon gora mai ƙullin fulawa da nama. "Ci, zai huce."

Ana kawo gasasshiyar agwagwa sai ga ayarin wani kamfani ba sanarwa, aka kwashe sauran ma'aikata zuwa ɗakin manyan baƙi. Ɗakin ya rage daga ni sai ni. Ina ɗauke da farantin ƙarfe mai zafi, nama na tsuwa a kai, na hango dattijon da ke zama bakin taga shi da matarsa ya karkata murfin butarsa. Na gani. Ta riga ni gani.

Ta dafa tebur da hannu biyu, ta fara miƙewa.

Auta ta dube ta. Ta ajiye tsinken cin abincinta a hankali, ta jawo jakarta ta ɗora a cinya.

Guguwa ta tsaya a haka, ba a zaune ba, ba a tsaye ba. Ta dubi madubi, ta dubi jakar. Ni kuma faranti na ƙona mini yatsu, ba wurin ajiyewa. Can sai ta koma jagwab a kujera, wannan karon har bayanta ya jingina, ta buɗe baki:

"Kai Dogo! Makaho ne kai? Bakin taga, shayi!"

Ɗakin ya yi tsit. Wata mata ta saki cokali. Babban kuku ya leƙo daga kicin da wuƙa a hannu, a zatonsa faɗa ake yi. Na dire farantin a teburin da ba nasa ba, na ruga da ruwan zafi. Dattijon yana ta waige-waige yana tambayar matarsa ko shi ya yi laifi.

Manaja ya lallaɓo ya rusuna kusa da kunnenta.

"Anti, don Allah, murya…"

"Yau baƙuwa ce ni," in ji ta. "In ba ka so, ƙaro ma'aikata."

Auta ta kife kai a tebur tana dariya har da hawaye. Jakar ta zame ta faɗi ƙasa, ba wanda ya ɗauka.

Ba zan ce ta natsu ba, ƙarya ba ta da amfani. Har aka gama tana riƙe da gefen tebur, kuma na ƙara shan tsawa a gaban jama'a. Amma agwagwar ta ƙare tana zaune, taliya ma haka, har yankakken lemon da ake rufewa da shi. Ta tsiyaya wa Auta ragowar shayin, ta girgiza butar ta ji ba komai. Sannan ta sa yatsa ta karkata murfin, ta ɗauke ido daga madubin, ta dubi Auta.

"Kika ce ɗakin naku akwai sanyi? Bargo nawa kika sa a akwatin?"