Ranar da Almakashi Ya Faɗi Daga Hannun Anti Reza

A masana'antar ɗinka kayan 'yan makaranta ba a kiranta da sunanta, Anti Reza kawai ake cewa. Takan ninka yadi ninki goma sha biyu, ta ja layi da alli sau ɗaya, almakashi ya bi ya wuce. Shekara goma sha tara tana kan tebur guda.

Wata Talata da hantsi, tana tsakiyar yanka hannun riga, almakashin ya faɗi ƙasa. Ta sunkuya za ta ɗauka, hannun dama ya ƙi motsi. Ta tsaya tana kallonsa kamar na wani aka ajiye mata. Ta buɗe baki za ta kira Gajeriya, mai ɗinki a keken da ke gabanta, sai ta ji wata irin murya da ba ta sani ba ta fito.

Gajeriya ta waigo tana dariya. "Yaya, yau kuma wa ake kwaikwayo?"

Sai ta ga bakin ya karkace. Kekuna talatin suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya jawo. Anti Reza ta yi ta kallonsa. Ita da ko ciwon kai bai taɓa hana ta fita aiki ba. Cikin wata uku ƙafa ta dawo, magana ta dawo, hannu dai shiru.

Maigidanta, direban motar haya ne, ya dawo wata rana ya tarar da labulen ɗaki ya koma rabi. Ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da makulli.

"Uwargida, me labulen nan ya yi miki?"

"Na gama da tsoffin jaridunka ne," in ji ta. Almakashi na hannunta na hagu, yatsun duk sun yi kanta.

Bayan kwana biyu ya kawo mata almakashi irin na bahago.

Wata takwas cif ta koma aiki. Manaja ya miƙe tsaye da ya gan ta, har shayinsa ya zube a kan takardu. Ya riga ya ba wata teburinta.

"Anti, ki zauna ki riƙa ware mana maɓallai," ya ce, yana kauce wa kallon hannun.

"Ranka ya daɗe, a ba ni ragowar yadi tukuna."

Ta ninka shi huɗu, ta danne da tsohon dutsen guga, ta ƙara da gwiwar hannun da ya shanye. Kwalar farko ta karkace. Ta biyu ma haka. Gumi ya jiƙa mata ɗankwali, ba wanda ya taka keke. Ta uku Gajeriya ta ɗauka, ta ɗora a kan samfur, ta juya ta gaba da baya, sannan ta miƙa wa manaja. Ya daɗe yana dubawa, baki a sake.

Aka raba teburin biyu. Ba ta ƙara ninka goma sha biyu ba, iyakarta shida. Kwala da aljihu suka zama nata, ta yi shekara bakwai tana yanka su. Matar da ta tarar a teburin takan ajiye nata aikin ta leƙo, ta ce, "Yaya, sake nuna mini yadda kike juya kwanar nan."