Hajiya Mai Kunyar Baƙi

Duk wanda ya taɓa shiga shagon Kawu Sanda a Sabon Garin Jega ya san ba a tari idan zai kira layi. Sai ya tura hula ƙeya, ya ɗaga yatsa, ya ce, "Ku yi kurum, Hajiya za ta yi sallama."

Hajiya tsohuwar kwamfuta ce da ya saya a gwanjo a Sakkwato, tun kafin wayar hannu ta iso mana. Allonta baƙi ne mai koren rubutu, kebul ya haɗa shi da uwar injin, ga kuma modem, ɗan akwatin da ke kiran layin tarho yana ƙara kamar gyare. Da ita yake aika wa mutane saƙo. Da ita kuma yake jin labarin 'yarsa tilo, Hadiza, da ke aure a Sudan. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ina koyarwa a Maiyama, nakan biya ta wurinsa ranar kasuwa.

Aibin Hajiya ɗaya ne. Ana tsakiyar kira sai allon ya sandare, ko ka daki madannai ba abin da zai motsa. Kawu ba ya yarda a ce ta lalace.

"Ba ta mutu ba, tunani taka yi," in ji shi.

Sai ya kashe modem, ya hura bayan allon, ya danna kan kebul ɗin, ya sake kira. Na ce masa kusoshin da ke riƙe kan kebul ɗin sun ɓace, ya sayi sabo.

"Sabo? Wanga mi yay yi maka? Ni ma haƙorana sun zube, an sake ni?"

Da farko ya zargi matarsa, Inna Kulu, don layin shago da na gida ɗaya ne. Ya ce ita ke ɗaga tarho a ciki.

Ta ce, "Ni da nika tuƙin tuwo? Wa zan kira, aljannu?"

Ya ɗauke tarhon ya kulle a akwati. Hajiya ta ci gaba da sandarewa, Inna Kulu kuwa ta yi mako tana gaishe shi da "Ina kwana, ya jikin amarya?"

Daga nan ya lura ba ta tsayawa sai baƙo ya shigo. Ya yanke hukunci: kunya gare ta. Har labule ya sa aka ɗinka mata. Wani dillalin albasa daga Aliero ya tambaye shi ko sai ya kawo goro kafin ta aika masa saƙo.

"Kawo," in ji Kawu. "Ni ka amsa mata."

Gaskiyar ta fito lokacin da Hadiza ke kan gwiwa. An aiko cewa haihuwar ta zo da gardama, an kai ta asibiti, daga nan shiru. Ranar kasuwa ce, labari ya bazu, mutane suka yi ta shigowa jaje. Kawu ya kira, allo ya sandare. Ya sake, ya sandare. Ni ma tsoro ya kama ni.

Inna Kulu ce ta gani daga bakin ƙofa. Kowa ya yi sallama, sai Kawu ya miƙe ya miƙa hannu ta saman tebur, hannun babbar rigarsa ya ja kebul ɗin.

"Malam, ba kunya ta ba. Rigarka ta."

Ya dubi rigar, ya dubi Hajiya. Ya tuɓe, ya zauna daga shi sai singileti a gaban dattawan unguwa, ya kira layi, ya tura hannuwansa ƙarƙashin cinya. Liman ya shigo ya miƙo hannu.

"Gafarta Malam, riƙe shi nan, ina zuwa."

Modem ya yi kukansa har ƙarshe. Koren rubutu ya gangaro: ta sauka lafiya, an samu mace. Kawu ya tashi ya kama hannun Liman da hannu biyu yana hawaye, ya manta ba riga jikinsa.

Kuna tsammanin ya sayi kebul? Ina! Robar tayar keke ya ɗaura, ita ma takan zame. Na ce to ya daina gaisawa idan yana kira.

"In sake kira ya fi mini sauƙi da in bar hannun mutum a sama."

Ranar da muka kai shi makwanci, 'yar da aka haifa ɗin ce ke raba wa masu ta'aziyya ruwa, har ta zama budurwa. Hajiya na nan a shago cikin labulenta, ba wanda ya iya fitar da ita.

Allah ya jiƙan Kawu Sanda. Sau ɗaya ya taɓa barin hannun wani a sama, shi ma don 'yarsa. Ya Allah, kada ka bar nasa.